Ruwan Malam Sani da Ƙafata ta Hagu

Salama gare ku, 'yan'uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun fara rubuta "Allah ya ji ƙansa" a ƙarƙashin hotona. Ku dakata tukuna, da saurana. Ƙafa ɗaya ce dai ta riga ni tafiya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Bitrus, mai bishara a wata 'yar majami'a a ƙauyukan Runka. Bara da damina 'yan bindiga suka tare a-kori-kurar da muka shiga zuwa Safana, suka kora mu daji kamar awaki.

A can suka ɗaure mu biyu-biyu da sarƙar babur. Ƙafata ta hagu aka haɗa da ta Malam Sani, wani malamin firamare da aka turo aiki Safana.

Ciwon ya fara ne da 'yar ƙujewa a idon sawu, inda sarƙar take gugar ni. Ƙaiƙayi kawai take yi, na raina ta.

Su a wurinsu duk Bahaushe Musulmi ne. Malam Sani ya raɗa mini in ja bakina, ba wanda zai gane. Amma da ogansu ya tambayi sana'ata, sai na ce wa'azin Yesu Almasihu nake yi.

Dariya suka yi har da riƙe ciki. Daga ranar na zama abin wasansu. In sun sha ƙwaya sai ogan ya ce, "Arne, tashi ka yi mana wa'azi." In na miƙe, dole Malam ma ya miƙe, tunda sarƙa ɗaya ce. In gaya masu Almasihu ya roƙa wa waɗanda suka kafa masa ƙusa gafara, su kuma su amsa da gindin bindiga a kan gyambon. Ba zan ɓoye maku ba, bakina na faɗin gafara, zuciyata na tsine masu.

Ƙafa ta kumbura, ta fara ruwa, ta fara wari, har tsutsa ta shiga.

Suna da mai yi wa waɗanda suka kama allura, don kada kuɗin fansa ya mutu a hannunsu. Ni aka ce ba allura sai na yi kalmar shahada. Malam Sani ya ce masu ba a shiga Musulunci da bakin bindiga. Haƙori biyu ya rasa a kan wannan maganar.

Ruwa gora ɗaya ake ba kowa a yini. Malam ya daina alwala, ya koma taimama, yana buga tafinsa a ƙasa. Ya yagi gefen rigarsa, ruwan kuma yana wanke mini gyambo da shi safe da yamma. Na ce ya bari. Ya ce, "Ni addinina ya ba ni ƙasa in ruwa ya yi wuya. Kai ƙafarka ba ta da taimama."

Wata rana ya tambaye ni me zai hana in faɗi kalmar a baki in samu allura, ai Allah ya san zuciya. Na ba shi labarin Almasihu tun daga farko, a tsanake. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi yana nan kan nasa, amma yanzu ya gane inda taurin kaina ya samo asali. Wa'azina ɗaya ke nan da aka saurara a dajin.

Sai amai da gudawa suka kama shi. Ni zazzaɓi ya ɗauke mini hankali, ban lura ba ashe har ruwan shansa a ƙafata yake ƙarewa. Ya bushe a gefena, ya cika. Mai mabuɗin sarƙar ya fita yawo, haka na wuni ɗaure da gawa. Da ya dawo suka ja gawar suka jefa a kwazazzabo. Masu hana ni allura saboda addini, ko sallar gawa ba su yi masa ba.

Matata Saratu ta sayar da gona da shanun huɗa, 'yan'uwa suka yi karo-karo, aka biya fansa, suka yar da ni kusa da Batsari.

A asibitin Batsari aka sa mini ƙarin ruwa, aka ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai Katsina. Can aka yi gwajin jini, aka ɗauki hoton ƙashi, aka yi mini ƙarin jini. Kullum da takardar magani sabuwa, kullum Saratu na waya tana neman rance.

Likita ya duba ya tambayi wanda yake wanke mini ciwon a daji. Na gaya masa. Ya ce, "Ba don shi ba, da dafin ya shiga jini tuni. Ƙafar kam ba za ta tsira ba."

Na ji tsoro ƙwarai. Na yi kuka kamar yaro a ƙofar tiyata.

An yanke ta ƙasa da gwiwa. Wankin ciwo da safe azaba ce da ba na yi wa maƙiyi fatanta. Har yau yatsun da babu su kan yi mini ƙaiƙayi.

Yanzu dungun ya warke. Na bar sanda biyu, ina koyon tafiya da ƙafar roba, ina faɗuwa ina tashi.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Saratu, da ma'aikatan jinya, da maƙwabtanmu Musulmi biyu da suka ba ni jini. Shawarata: kada ku raina ƙaramin ciwo, ku wanke shi da ruwa mai tsabta ko da gishiri kaɗan. Wanda ya fito daga daji a wuce da shi asibiti kafin gida. Masu gayyata ta majami'u don su ji mutum nawa na tubar a daji, ku huta, ko ɗaya. In kuna da abin bayarwa, Malam Sani ya bar marayu.

Makon jiya na je Safana yi wa matarsa ta'aziyya. Ta gaishe ni ta bayan labule, ta yi mini ya jiki. Abu ɗaya ta tambaya, ko an samu an yi masa wanka kafin a rufe shi.

Na so in yi mata ƙarya. Na ce ba a yi ba.