Dariyar Mai Awara

Da asuba, kafin jirgin ƙasa na farko ya bi ta kan gada, Toshie ta riga ta tsoma hannuwanta a kwamin ruwan sanyi tana yanka awara. Ni kuma ina can baya wajen tukunya, ina tafasa madarar waken soya. Haka muka yi shekaru, ni Genzo da ita, a shagon Uwargida Shimazaki da ke cikin rufaffiyar kasuwar Amagasaki. Ba mu cika magana ba sai in wani abu ya zube.

Hannuwanta jajaye ne, a kumbure, lokacin sanyi kuma yatsun su tsattsage. Nakan ajiye mata bokitin ruwan ɗumi kusa da ƙafarta. Ba ta taɓa godiya ba, ni ma ban taɓa cewa ni na ajiye ba.

Abin da kasuwa ta san ta da shi dariya ce, kuma ba mai daɗi ba. Takan fara kamar tari, ta haura kamar ana jan ƙofar ƙarfe mai tsatsa, ta ƙare da shaƙuwa. Mai kifin da ke kallon shagonmu yakan ɗaga murya ya ce, “Toshie, rufa mana asiri, kifayen ma sun firgita, alhali matattu ne!” Ita kuma ta ce, “Warinka ne ya kashe su, ba ni ba.”

Labarinta a gutsure na ji shi, yau kaɗan, baɗi kaɗan. 'Yar Uwajima ce, garin masunta. Ta auri wani mai jirgin kamun kifi wanda hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ranar da abin ya ishe ta sai ta gudu, ta bar 'yarta Chizuru wajen surukarta, yarinyar ba ta ma shiga makaranta ba. Nufinta ta sami ɗaki ta dawo ta ɗauke ta. Ɗakin bai samu ba. Abin da ya samu shi ne wani direban babbar mota da ke da mata a kowane gari, sai aikin mashaya, sai wani mutum da ya ɗaga hannu zai mare ta a ɗakin girki ta rafke shi da daskararren kifi, hancinsa ya karye, aka kai ta gidan yari.

“Alƙalin har tambayata ya yi wane irin kifi ne,” in ji ta, sai dariyar ta ɓarke, har wuƙa ta suɓuce mata cikin ruwa.

Da ta fito ta koma Uwajima. Surukar ta tare ta a bakin ƙofa, ta ce yarinya tana makaranta, tana da ƙawaye, kada a jawo mata abin kunya. Toshie ta sunkuya ta ba da haƙuri, ta juya. Wannan kaɗai ne a cikin labarin ba ta yi masa dariya ba.

Wata bazara 'yan fim suka zo kasuwarmu. Fim suke yi a kan wata mata da duniya ta yi ƙwallo da ita, irin wanda ake dariya ana share hawaye. Suna son shagon awara, suka zaɓi namu. Daraktan, wani siriri mai hular sanyi a tsakiyar zafi, ya ce wa Toshie, “Inna, ke dai ci gaba da yankanki, kada ki kalli kowa.”

Tauraruwar fim ɗin za ta fito ne a guje, saurayi ya kore ta, ta wuce ta gaban shago tana kuka. Ba wanda ya gaya musu daɓen shagon awara kullum a jiƙe yake. Ta zo a guje, santsi ya kwashe ta, ta zauna daram a cikin kwamin, gashin da aka ɗora mata ya faɗa ruwa yana yawo tsakanin awara. Kowa ya yi tsit, ban da Toshie.

“Kada a tsaya! Kada a tsaya!” daraktan yana raɗa yana kaɗa hannu.

Da aka gama Toshie ta bi daraktan har bakin mota, tana goge hannu a jikin riga.

“Ranka ya daɗe, za a nuna shi a Uwajima?”

“Ko'ina za a nuna shi, Inna.”

Fim ɗin ya fito lokacin sanyi. Uwargida ta rufe shago da rana muka tafi mu uku. Ni ban ga abin kallo sosai ba, mace tana ta shan wahala ana kiɗa. Sai ga kwaminmu. Sai ga hannuwan Toshie sun cika allo, jajaye, riƙe da wuƙa. Fuskarta kuwa ba a nuna ba ko kaɗan. Amma dariyar tana nan, an ma ƙara mata ƙarfi, ta cika silima, mutane suka kama dariyar dariyar. A ƙarshe matar fim ɗin ta mutu ita kaɗai a ɗaki, Uwargida tana ta jan hanci.

“Ƙarya ce,” in ji Toshie. “Wa ke da lokacin mutuwa da kwalliya haka?”

A waje ta tsaya tana ɗaure mayafin wuyanta.

“Hannuwan dai, Chizuru ba za ta gane ba, lokacin ba haka suke ba. Amma dariyar nan, Genzo, tun tana cikina take jin ta.”

Daga ranar ta canza. Ta fara sa jan baki da asuba, don yankan awara. Wayar shago in ta yi ƙara, kafin Uwargida ta miƙe ta riga ta ɗaga da jiƙaƙƙen hannu. Kullum masu gidan abinci ne ke son a ƙara musu soyayyiyar awara. Duk macen da ta tsaya a gaban shago ba mu san ta ba, Toshie sai ta kafa mata ido har baiwar Allah ta tsargu ta wuce.

Na bar ta har sanyi ya fara ja baya. Wata safiya na sauke tukunya na fito.

“Toshie, kin karanta allon shagon a fim ɗin?”

“Ina ruwana da allo?”

“Sun cire namu sun kafa nasu. Sunan ƙarya ne. Garin ma ba su ambata ba. Sunanki kuma bai fito a ƙarshe ba, na zauna na duba har aka kunna fitila. Ko 'yarki ta ji, ko ta gane, ina za ta neme ki?”

Ta ci gaba da yankanta.

“Kai dai tsohon nan bakinka kamar guduma.”

“Ke ce kika san inda take. Ita ba ta san inda kike ba.”

“In je in ce mata me? Ga uwarki, wadda ta daki mutum da kifi?”

“Kada ki ce komai. Ki je ki tsaya.”

“Kai da ko kare ba ka taɓa ajiyewa ba, kai ne za ka koya mini?”

Na koma wajen tukunyata. Ranar ba ta yi dariya ba, har mai kifi ya leƙo yana tambaya ko an yi rasuwa.

Bayan mako guda ta roƙi Uwargida hutun kwana kaɗan. Hutun bai ƙare ba har yau. An ɗauki wata a madadinta, mai safar roba har gwiwar hannu, mai ladabi, ba a jin motsinta. Sau ɗaya Toshie ta bugo waya, ina wajen kai kaya, Uwargida ce ta ɗauka. Wai ta sami aiki a wani shagon soya kifi a Uwajima, kuma tsallaken titi akwai kantin magani inda Chizuru ke aiki. Kullum da safe tana ganin ta tana ɗaga ƙofa.

“Ta yi mata magana?” na tambaya.

“Ta ce tukuna. Wai tana danne dariya a wurin aiki, kada a ji ta daga tsallake kafin ta shirya.”

“Ta tambayi wani?”

“Ta ce a gaya wa tsoho ya rage gishiri.”

Ni na kai ta tashar jirgin ƙasa ranar da ta tafi, a motar kai kaya, jakarta a baya tare da akwatunan awara. Ta ce in jira ta sayi tsaraba. Ta zagaya kantin tashar, ta wuce kwalayen shayi da na waina irin waɗanda ake kai wa manya, ta ɗauko wani ƙaramin gwangwanin alewa mai hoton zomo.

“Yarinyar nan fa ta haura arba'in,” na ce.

“Na sani.”

Ta sa aka naɗe mata shi da takarda mai kyau, aka ɗaura zare. Ba ta sa a jaka ba, a ƙirji ta rungume shi. Ta shige ƙofar tikiti ba ta waiwayo ba, ta hau matattakalar hagu. Ina nan tsaye sai ga ta tana saukowa da sauri, ashe ta jirgin Kyoto ta hau, ba ta jirginta ba. Ta tsaya ta karanta allo da kyau, ta gyara riƙon gwangwanin, ta hau ta dama.