Dakan Inna a Littafin Maza

Ni ban yi karatu ba, na allo ko na boko. Abin da zan faɗa jikata ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

A Alƙahira muka zauna, ni da maigidana, shekara ashirin da wani abu, a hawa na uku na wani tsohon gini bayan kasuwar Ataba. Shi tela ne. Karatu ya kai shi Masar da ƙuruciyarsa, karatun bai kammalu ba, allura ta riƙe shi. 'Yan kasuwar Nijar masu zuwa sarin kaya shi ke ɗinka musu jallabiya, ɗalibai kuma suna ce masa Malam saboda furfura. Misirawan da ba su san shi ba kuwa, in suka gan shi tsaye a ƙofar gini sai su miƙa masa kaya ya kai sama, don a ganinsu baƙin mutum a bakin ƙofa mai gadi ne. Malam yakan karɓa, ya ajiye a ƙasa a hankali, ya yi gaba.

To, ana nan, wajen ƙarshen shekarun saba'in, sai ga wani baƙo. Baƙar fata ne daga Amurka, dogo, mai tabarau, yana Larabcin littafi irin wanda ba a sayen tumatir da shi. Ya ce yana tattara labarin rayuwar baƙaƙen maza da suka bar ƙasarsu, kowa da bakinsa, zai haɗa littafi. A Wustul Balad yake zaune, tsakiyar birni, gini mai lif. Takalminsa kaɗai ya isa ya nuna ba ajinmu ɗaya ba, amma shi ma tasi takan wuce shi ta ɗauki na bayansa, kuma a kan wannan suka fara shiri da Malam. Ɗan'uwana yake ce wa Malam.

Kowace Talata bayan la'asar yakan zo da rikoda da kaset. Su zauna a falo, ni ina kicin, tsakaninmu labule. Da Larabci suke yi, ni kuma shekarun kasuwa sun buɗe mini kunne.

Talatar farko Malam ya ba da labarin mahaifinsa, mai ƙaramar makaranta a Damagaram, wanda ya rasu Malam yana shekara shida. Ta biyu ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan ina dakan yaji a ɗan turmin da na taho da shi daga gida, sai Malam ya ɗaga labule.

"Ke, tsaya da dakan nan. Yana shiga na'urar."

Na tsaya. Talata ta uku hanya ce: Chadi, Sudan, tsinkar auduga a gonar mutane, jirgin ruwa. Ta huɗu Masar da abin da fata ta jawo masa a cikinta. Nan baƙon ya fi gyara zama, har nakan ji yana cewa a maimaita.

Talata huɗu, kaset takwas, ban ji an ambaci Inna ba.

Inna ita ce mahaifiyarsa. Wata uku da aurenmu ya tafi, na zauna da ita shekara bakwai kafin ya aiko in zo. Na san ta fiye da yadda ya san ta. 'Yar dakau ce. Tun da mijinta ya rasu take bin gidajen masu hali, ta yi musu sussuka da surfe da daka, a sallame ta da dusa da ɗan tsaba. Da wannan ta ciyar da shi har ya yi sauka. Tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin murfin tukunya. Ta rasu bai gan ta ba, ni na rufe mata ido.

Ran Laraba da safe yana shan shayi na ce, "Malam, daga sama ka faɗo?"

"Kamar yaya?"

"Na ji uba, na ji malamai goma sha ɗaya, har jakin da ya ɗauke ka a Sudan na ji. Ban ji wadda ta haife ka ba."

"Littafin maza ne, uwar yara."

"Jakin namiji ne ke nan."

Bai yi dariya ba. Ya juya kofin a hannunsa, can ya ce, "Kin san abin da mutumin nan yake nema. In na ce dakau, zai tambayi me ya sa. In ya tambaya, sai an kai ga kakata."

Na sani. Mahaifiyar Inna sayo ta aka yi tana yarinya. A Damagaram kowa ya sani, ba a dai faɗa. A Masar babu wanda ya sani.

"Shi a wurinsa abin alfahari ne," in ji Malam. "Kullum sai ya ce kakanninsa da sarƙa aka kai su. Shi can yana da jami'a, yana da fasfo mai ƙarfi. Ni ina da 'ya wadda ɗalibai suka fara tambayar aurenta. Littafi yana da ƙafa. Wata rana wani zai karanta a Hay el-Sabi', unguwar ɗalibai, ya ce ashe 'yar telan nan jinin bayi ce."

Ban ce ƙarya yake yi ba, don ba ƙarya ba ce. Na ce, "To ka bar kakar. Amma Inna ba sayo ta aka yi ba, daka ta yi. In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Da wane Larabcin? Na cinikin albasa?"

"Da Hausa. Kai za ka juya masa."

Kwana shida bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Talata ta biyar ita ce ta ƙarshe. Na kai musu shayi, maimakon in koma sai na zauna a bakin tabarma. Baƙon ya dubi Malam. Malam ya dubi rikoda, sannan ya ce, "Maiɗakina tana da magana a kan mahaifiyata."

Baƙon ya ce, cikin ladabi, ma'alish, a yi haƙuri, aikin nasa na maza ne, amma yana da sauran rabin kaset.

Na faɗa. Na faɗi yadda take fita bayan asuba da taɓaryarta a kafaɗa, don ba ta yarda da taɓaryar kowa ba. Na faɗi gidan da suke auna mata gero kafin daka su sake aunawa bayan daka. Na faɗi garin da ta daka wa Malam na guzuri kwana uku a jere, ta ɗura a jakar fata, ba ta raka shi ko ƙofar gida ba don kada a ce ta nuna son ɗan fari. Ina faɗa Malam yana juyawa. Da farko yana cewa "ta ce". Can sai na ji ya daina, ya koma cewa "ummi", mahaifiyata, kai tsaye. Garin guzurin ma ya ƙara abin da ban sani ba: ashe bai cinye ba, ya bar ɗan kaɗan a ƙasan jakar har ya shigo Masar.

Sai baƙon ya yi tambayar. Me ya sa matar malami take daka a gidan mutane, ina danginta?

Malam ya ce, "Ba ta da dangi. Mahaifiyarta sayo ta aka yi. Ita kuwa babu wanda ya saye ta." Ya miƙa hannu da kansa ya kashe na'urar. "Khalas, shi ke nan."

'Yarmu ta yi aure bayan shekara biyu, littafin bai fito ba tukuna. Sai da muka dawo gida, Malam ya kwanta dama, sannan littafin ya iso ta hannun wani ɗan kasuwa. Da Turanci ne. Ya zauna a akwati har jikar nan tawa ta girma ta karanta mini.

Inna tana ciki, shafi biyu da rabi. Taɓaryar tana nan, awon geron yana nan, kakar ma tana nan, layi ɗaya. Duka an rubuta da bakin Malam, wai shi ya gani, shi ya tuna, har da abubuwan da suka faru yana Masar. Jikata ta juya gaba ta juya baya tana neman inda aka ce matarsa ce ta faɗa. Ba ta samu ba, ranta ya ɓaci.

Na ce ta bar neman, ta koma farkon shafi biyun ta sake karanta mini, a hankali.