Gonar da Yaya Ado Ya Yafe

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Adamu makwancinsa, wanda ƙauyukanmu na tsakanin Tofa da Rimin Gado suka fi sani da Malam Ado malamin gona. Ana tsakiyar noma na biyu ya rasu, mutane suka ajiye fartanya suka zo jana'iza da ƙasa a ƙafafunsu. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin akwai wata magana tsakanina da shi da ta daɗe tana damuna, kuma maganar gona ce.

Ni sunana Haruna, kuma ni ba ma'aikaci ba ne. Da damina ina noma, da rani ina fataucin hatsi da albasa a kasuwannin ƙauye. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, sauran a rediyo da jarida na ƙarasa shi. Baki gare ni, wannan kowa ya shaida, ko ba a kasa da ni ba sai na ɗauka. Yaya kuwa mutum ne mai sanyin hali da zolaya a hankali, sai ka je gida sannan ka gane ya tsokane ka. Shi ne na farko a gidanmu da ya ci albashin gwamnati, kuma har ya bar duniya muna kallonsa a matsayin mai kuɗin gida.

Ni na ɗora masa wannan suna da bakina. Shekara guda kafin mahaifinmu ya rasu aka yi wa Yaya ƙarin girma, ya kawo takardar gida don Baba ya sa albarka. Baba ba ya karatun boko, sai ya miƙo mini a zaure, gaban mutane, ya ce in karanta kowa ya ji. Na karanta har na zo kan albashinsa na shekara, na faɗi adadin da ƙarfi, na kuma maimaita don na bayan zaure. Ban tsaya nan ba, nan take na juya kuɗin zuwa buhunan gero, na ce ko shekarar da damina ta fi kyau gandunmu bai taɓa ba da haka ba. Zaure ya ɗauki salati. Na tuna Yaya ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ga Baba yana share hawayen murna, ya fasa. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya san cewa adadin da ke kan takarda daban, abin da ke isowa aljihu daban.

Da aka zo rabon gado, aka cire wa 'yan'uwanmu mata nasu, sauran ya zama namu mu biyu. Wanda ya san yankinmu ya san yadda gona take: daga iyakar wannan sai ta wancan, babu daji, babu saura, gona ɗaya ake nomawa shekara da shekaru da ƙarfin taki. Wani dattijo a danginmu ya gyara murya ya ce in aka raba ta biyu ba wanda za ta riƙe, kuma ai Ado yana da gonar da ba ta jiran ruwan sama. Bai ce a hana shi ba, ya san shari'a. Ya dai faɗa ne, kowa ya juya yana kallon Yaya.

"Na yafe wa Haruna nawa," in ji shi.

Liman ya tambaye shi har sau uku ko da son ransa ne, ya ce da son ransa ne. Ni kuwa ko don kara ban ce ya bari ba. A raina ma gani na yi abin da ya kamata ya yi ke nan.

Haka ya zama malamin gona marar gona. Kuma yafewar ba ta sauke masa komai ba. Takin zamani na gida shi ne, suna da biki shi ne, wanda ya kwanta asibiti shi ne. Da kaka nakan aika masa da hatsi, shekarun farko da hannu sake, daga baya da 'ya'yana suka ƙaru sai na fara ragewa, ina cewa ai yana da na saye. In ya ce wata ya yi nisa, sai mu haɗa ido da juna a bayansa. Ni da kaina na sha cewa Yaya ya iya ɓoyo.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Gwamnati ta fara da yanke kuɗin man babur ɗin da yake zagaya ƙauyuka da shi. Aka bi da irin gwaji da maganin feshi da yake nuna wa manoma. Abokan aikinsa da suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, ƙauyukansu suka dawo kansa. Wasu sun zauna a ofis suna karanta jarida, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ya ƙi zama. Daga albashinsa yake zuba mai, ya tafi inda aka ce tsutsa ta faɗa wa masara. Barin aikin kuma ba ya yiwuwa, domin an yi shekaru ana yankar masa kuɗin fansho, in ya fita tun lokaci bai yi ba ya san wahalar da zai sha kafin ya ga wani abu. In ma ya fita, ina zai koma?

A lokacin ni ne kan gaba wajen cewa a rage ma'aikata. Ina da dalilina, kuma har yau ban ce ƙarya ne ba. Buhu ɗaya na albasa, kafin ya tashi daga gona ya isa hannun mai saye, an yanka mini rasit a hanya, an yanka a bakin kasuwa, an karɓi na sauke kaya, an karɓi na rumfa. Wata rana bayan la'asar muna majalisa a gindin dalbejiya, rediyo na maganar kuɗin da gwamnati ke kashewa, na ɗaga murya na ce mu ake tatsa a ba wa mutanen da ke zaune a inuwa, su ko haraji ba su sani ba, a kori rabinsu a huta. Yaya yana zaune a gefen tabarma yana ɓare gyaɗa. Wani ya taɓa ni da gwiwar hannu, amma bakina ya riga ya yi gaba.

Murmushi kawai ya yi, ya ce, "Kai aƙalla kana ganin fuskar mai karɓar naka, har ka samu wanda za ka zaga."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka zolayarsa ce ta kullum.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne damina biyu kafin rasuwarsa. Da hantsi ina noma sai ga shi ya jingine babur ya shigo gonar. Bai saba zuwa ba, tun ranar rabo yake kauce mata. Ya bi iyakar gabas a hankali, ɓangaren da da shi ne nasa, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza. Ya ce wurin nan ya gaji da dawa, yana son wake. Ya ce hatsi ya yi tsada bana, mai saye da kwano yana jin jiki. Ya ce yara suna girma. Sannan ya tsaya yana kallon ƙasar. Wallahi na gane abin da ya kawo shi. Aron 'yan kunyoyin shuka ya zo nema, ko guda ashirin ne, ya shuka abin da zai rage masa awo, kuma nauyin baki ya hana shi roƙon ƙaninsa abin da ya bayar a gaban liman. Jira yake in faɗa. Ni kuma na tuna babban ɗana yana shirin aure, na sunkuya na ci gaba da noma, na ce masa to, za a gwada waken. Ya karkaɗe hannunsa, ya yi mini sannu da aiki, ya tafi.

Hawan jini ne ya kayar da shi, saura 'yan shekaru kaɗan ya yi ritaya. Ko a zaman makoki sai da na ji ana raɗa cewa ya bar abin duniya. Da muka ga babu komai sai babur da ɗakuna biyu, sai muka ce ƙila matarsa, Yaya Binta, ta san inda yake. Allah Ya yafe mana.

Gaskiya ta zo mini ne bara, ta hannun 'yarsa Rabi. Yarinyar ta yi karatun aikin lafiya da ƙyar da jiɓin goshi, aka ɗauke ta a ƙaramin asibitin wani ƙauye. A al'adarmu albashin farko ba na mai shi ba ne, kawowa ake yi gaban manya a rarraba wa dangi a sa albarka. Da yake ni ne a matsayin uba, ni ta kawo wa. Na riga na ga takardar ɗaukarta, don haka da na duba abin da ta ajiye a gabana sai fuskata ta canja. Na tambaye ta, da irin muryar da ban so in tuna ba, ko an fara taɓawa ne tun a hanya.

Ba ta yi fushi ba. Ta matso ta buɗe takardar albashin ta bi da ni layi-layi da yatsa. Wannan haraji, wannan fansho, wannan asusun gidaje, wannan inshorar lafiya, wannan na ƙungiya. Duk an cire tun kafin kuɗin ya san sunanta. Ta ce abin da ya saura kuma in ta shiga kasuwa da shi, akwai wani harajin a cikin farashin kaya. Na ce wannan ai sabon abu ne na zamanin nan.

"A'a Baffa, haka na Baba yake. Inna ta ce ya hana a faɗa muku, wai kada ku ji kamar gori yake yi a kan gonar."

Ban san lokacin da na ce ta kwashe kuɗinta ba. Ta ƙi, ta ce albarka ta zo nema. Na sa mata, kuma kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba.

Yanzu an sake ɗaga maganar. Kullum rediyo haraji, kullum rage kashe kuɗi. Wasu na cewa gwamnati ba ta da abin biyan wannan tulin ma'aikata, wasu na cewa a fara ragewa daga jerin motocin manya. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin zai ce kada a karɓi haraji, domin mutum ne da ya yarda asibiti da hanya ba daga sama suke faɗowa ba. Ina jin tambaya zai yi, a hankali yadda ya saba: in an rage, a kan wa ragin yake sauka? Shi ya gani da idonsa. Bai taɓa sauka a kan wanda ya yanke shawarar ba, a kan tankin babur ɗinsa ya sauka. Yau kuma a asibitin su Rabi, ita ke sayen safar hannu da kuɗinta, kuma ana ta raɗe-raɗin za a tantance ma'aikata, a fara da waɗanda aka ɗauka kwanan nan. Ita ce ke riƙe da mahaifiyarta da ƙannenta. In aka sallame ta, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa da za su koma. A majalisa yanzu in an zo wannan magana ba na cewa uffan, har ana tsokanata wai tsufa ya kama ni.

Me ya rage na Malam Ado? In ka bi gonakin yankinmu za ka ga shuka a jere da tazara daidai, da wake a tsakanin gero. Da wata igiya mai ƙulli-ƙulli ya koya wa mutane, har yau akwai masu ajiye irinta a rumbu, wasunsu ba su ma san wanda ya kawo ta ba. Akwai Rabi, da haƙurinsa da murmushinsa. Sai kuma haƙƙinsa da ke wuyana. Na je wurin malami, ya ce kyauta ta tabbata, shari'a ba ta bi na komai. Na gode masa, amma ban samu sauƙi ba.

Na so in mayar da rabonsa yadda yake, sai na tarar na ɗaure kaina. 'Ya'yana uku maza duk sun yi aure, kowa na yanka masa gayauna, ita yake ci da iyalinsa. Iyakar gabas ɗin nan, babban ya yi gini a kanta. Saye kuma ba ya yiwuwa, tun da masu yanka filaye suka taso daga wajen Rijiyar Zaki farashin gona ya fi ƙarfin manomi. Da na taɓa ɗauko zancen, na tsakiyan ya tambaye ni cikin ladabi daga na wa za a cire, sai na bar zancen. Abin da ya rage a hannuna shi ne 'yar gonar bayan gida, wadda ni da mai ɗakina muke ci. Sau biyu ina ƙudurta bayar da ita, sau biyu ruwan shuka na sauka in tsinci kaina a cikinta da iri a hannu, ina cewa sai baɗi.

Na san halina, shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, inda ba zan iya janye ta ba. Ku zama shaida: gonar bayan gidana ta zama ta iyalin Malam Ado daga kakar bana. Ba ta kai rabin abin da ya yafe mini ba, kuma ba za ta hana a sallami Rabi ba in an tashi. Ni kuma daga nan abin da 'ya'yana suka sammini shi zan ci, ni da ban taɓa jiran kwanon wani ba, kuma ina tsoron hakan ƙwarai. Su ma ban faɗa musu ba tukuna, a nan za su gani tare da ku.

Allah Ya jiƙan Yaya Ado, Ya haskaka kabarinsa. Ranar da ya zo gona ya kamata in yi wannan magana, yana tsaye yana jira.