Mai Gashin Baki da Ƙaninsa

Kafin ya taɓa linzamin kwamfuta, sai ya ɗaga yatsa ya zana baka a iska, a hankali. Shekara goma sha tara yana haka a ɗakin da suke yin fim na zane mai motsi.

Aikinsa shi ne gyara hanyar da abu zai bi. In tsuntsu zai tashi daga reshe zuwa taga, akwai layi a allon kwamfuta, a jikin layin akwai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da 'yan sanduna biyu, hagu da dama. Su ake ja, layin ya lanƙwasa. Shi ya raɗa musu gashin baki, sunan kuma ya dawo kansa, ga shi ko gashi ɗaya ba ya kwana a fuskarsa. Duk wanda tsuntsunsa ya tashi kamar an jefa dutse, sai ya jawo kujerar roba ya zauna gefensa.

Ƙaninsa, da shi ya kawo shi wurin, bai iya zane ba. Rubuta wa kwamfuta umarni ya iya. Wata Talata ya rubuta ɗan kayan aiki: ka zaɓi ɗigo ɗari, ka danna sau ɗaya, sandunan duk su daidaita. Kafin mako ya ƙare, kujerar roba ta koma teburin ƙanin.

"Yaya, ka gwada mana," in ji ƙanin.

"Na gani. Ya yi kyau. Tsuntsayenku yanzu duk uwarsu ɗaya."

"To ai ni da kai ma uwarmu ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Yayan ma ya yi, iyakarta leɓe.

A gida ya daina kiran ƙanin auta, sai "injiniyanku". Matarsa ta ce, "Kai ka koya masa tafiya, yanzu gudunsa ne ke damunka?"

"Wa ya ce da damuwa?"

"Ba wanda ya ce. Sau biyu dai na ɗumama maka shayi."

Sai ya fara rubuta nasa kayan aikin a ɓoye, lokacin hutun rana, in ɗakin ya watse. Nasa zai bar wa tsuntsu 'yar shakkar nan da yake yi kafin ya sauka. Wani waƙafi ya riƙe shi mako uku, mai amsar kuwa, ƙaninsa, taku huɗu ne tsakaninsu. Bai taka ba.

Ya rubuta layi arba'in da biyu. A na arba'in da uku kwamfuta ta nemi lamba: shakkar nawa ce? Ya sa uku, ya goge. Ya sa biyar, ya goge.

Da idon yayan ya gaza ya ajiye aiki, ƙanin ya tsinci rubutun, ya je har gida da zancen gurbin lambar.

"Yaya, me zan sa a nan?"

Yayan ya ce, "Ai kai ne mai lissafi."

Ƙanin bai sa komai ba. Gurbin na nan har yau.