Mati Mai Ƙirga da Gomiya

Mati mutumin Ƙarfi ne, amma a kasuwar hatsi ta Funtua ƙarfinsa ya ƙare. Shekara goma sha bakwai yana dakon masara. Da gwiwa ta gaza, sai mai rumfar, Alhaji Maitama, ya ba shi aikin ƙirga buhu a bakin mota. Da wannan aikin yake ci da gidansa.

Ƙirgar kakarsa yake yi. Ba ya cewa ashirin ko talatin, sai gomiya biyu, gomiya uku. Duk buhu na goma da ya hau mota, sai ya jefa tsakuwa a aljihu.

A kakar 1982 Alhaji ya ɗauki akawu mai suna Bature. Kwana uku da zuwansa akawun ya ce a sallami tsohon, littafi ya isa.

"Baba Mati, ka ce ashirin mana," in ji Bature. "Ƙirgar ƙauye ta mutu."

"Ashirin ɗinka ta Larabawa ce, malamai suka kawo ta. Gomiya daga goma ta fito, a nan gida. Kafin ashirin ta iso, ba a ƙirga dami ne?"

Adunni, Bayarabiyar da ake loda wa masara, ta ce, "Mu ogun muke cewa."

"Mu ogu," in ji Romanus, direbanta, ɗan Ibo.

Mati ya ce, "Ka ji! Kowa da tasa. Ni kaɗai zan yi aro?"

Alhaji ya gaji da surutu. Ya ce kowa ya ƙirga motar nan, in Mati ya kuskure ya tafi.

Ana tsakar lodi biron Bature ya ƙi rubutu, ya sunkuya yana goga shi a takalmi. Da aka gama ya ce casa'in da huɗu. Mati ya shafa aljihu ya ce gomiya tara da biyar.

'Yan dako suka ƙi sauke kayan a sake ƙirgawa. Mati bai roƙi kowa ba. Ya dafa ƙafar mota ya hau, ya saɓo buhun farko, duk da ciwon gwiwarsa. Kunya ta sa sauran suka bi shi.

Aka jera buhunan a ƙasa goma-goma. Layi tara, da biyar a gefe.

"To, Mati, ka zauna," in ji Alhaji.

"Da ma ban tashi ba. A mayar da kayan Hajiya Adunni. Akawu ma ya sa kafaɗa."