Baba Ƙamus da Sunan Ganga

Shekara talatin da ɗaya Baba Ƙamus ya yi yana aiki a sashen ƙamusoshi na ɗakin karatun jami'a. Karatunsa bai wuce sakandare ba, amma idan ɗalibi ya bar masa tambaya, ba ya samun sukuni sai ya nemo amsa. Kullum yana kan tsani, biro a bayan kunne, yana mita shi kaɗai.

Na san shi ne ranar da na mayar da littattafai uku da 'yata ta ara, wata biyu bayan rasuwarta. Ya duba katin, ya ɗago.

"Ke ce mamar Mai Ganga? Ina ta shige? Ta ɗora min aiki ta gudu!"

Bincike take yi kan wasu ƙananan ganguna na zamanin da, tagwaye, waɗanda ake ɗaurawa a ƙugu a kaɗa a fagen yaƙi. Turawa sun kira su da sunan aro, ita kuwa tana son sanin inda suka aro shi.

Na ce, "Ba ta samu zuwa ba."

A duk duniya, a wannan ɗaki kaɗai ake maganarta kamar yanzu za ta turo ƙofa. Don haka na riƙa komawa, ina kuma fargabar ranar da wani zai faɗa masa. Yakan tare ni tun daga bakin kantar karɓar littattafai.

"Mama, ki ce mata na kusa. Ƙamus ɗin Farisanci ne ya yaudare ni, tsohon banza, sati guda ya cinye min!"

Zuwana na shida, ya fito da ambulan. Na miƙa hannu, ya janye.

"A'a. Hannu da hannu. Fuskarta nake son gani, don ta ce ba zan iya ba."

Ba yadda zan yi. Na faɗa masa ranar da ta rasu da asibitin, cikin jimla biyu.

Ya daɗe yana juya ambulan ɗin. Sannan ya farke ta, ya karanta mini a hankali, yadda ake yi wa ɗalibi: sunan gangunan daga Larabci ne, naƙƙara, tushenta irin bugun da tsuntsu ke yi wa itace da baki. Ya faɗi ƙamus da shafi. Ya jira har na rubuta.

Ban sake komawa ba.