Idon Yaya a Ɗakin Inna

Har yau in na shiga shago na ga irin kyamarar nan mai juya kai kamar mujiya, sai in kau da kai. Ba ta yi mini komai ba, roba ce da gilashi, amma na tsane ta tsana ta gaske.

A shekarar da ƙafafun Inna suka fara kumbura, bayan ruwa ya cinye shinkafar fadama har ya leƙo bakin unguwarmu a Hadejia, Yayanmu ya aiko da ita daga Legas. Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta, kuma katanga ce kawai tsakanin gidana da nata. Direban motar kifi ne ya kawo kwalin, duk ya ɗauki warin banda. Da na buɗe sai ga kyamara, ga ƙaramin akwatin wayfai, ga wayoyi a nannaɗe. Ban gama dubawa ba Yaya ya kira.

"Ke Auta, ki haɗa ta yau ɗin nan. So nake in riƙa ganin Inna kullum, ko ina ofis."

Rabonsa da gida an yi salla an sake yi. Na ce, "To, Yaya."

Wahalar da na sha ranar, Allah ne kaɗai ya sani. Sai da na tsaya a gindin bishiyar maina a tsakar gida, inda sabis yake ɗan lallaɓowa, kafin manhajar kyamarar ta sauka a wayata. Na jona kyamarar da wuta, ta kunna jan ido, wata mata ta kama surutu da Turanci daga cikinta. Wai in sa kalmar sirrin wayfai, in kuma nuna mata wani zane baƙi da fari da ya fito a wayar. Na nuna mata kusa ta ƙi, na ja baya ta ƙi. Yaya ya ce in sami abu mai tsini in danna wani ɗan rami a bayanta, na karyo tsinken tsintsiya na danna, ta koma farko. Ashe katangar ƙasar ɗakin Inna ce ta yi kauri, sai da na ɗora akwatin a taga, saman jeren kwanukanta. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na jawo waya daga sola, gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

Inna tana kan tabarma tana kallona. Ta ce, "Auta, wace ce wannan mai maganar?"

Na ce, "Na'ura ce, Inna. Yaya zai riƙa ganinki daga can."

"Wancan ɗin?"

Haka take ce masa. Mu Fulanin gida ne, shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, Fulatancin ma ya gudu daga bakinmu, amma kunya tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Ba ta haɗa ido da shi, kuma tunda nake ban taɓa ganin ta kai loma baki a gabansa ba. Yaya ya fi kowa sanin haka, a ciki ya tashi.

Can sai jan idon ya koma kore, kyamarar ta juya kai da kanta, muryar Yaya ta cika ɗakin: "Inna, ina wuni? Kai, ina ganinki tar!" Inna ta jawo mayafi ta rufe kai, ta juya fuska wajen bango, ta ce lafiya lau a hankali. Ni kuwa har da tafi, wai na iya aiki.

Daga nan ɗakin ya lalace. Tsofaffin ƙawayenta da suke zuwa da hantsi su tuɓe ɗankwali, su ci goro, su yi da mutane son ransu, duk suka ɗauke ƙafa. Ɗaya daga cikinsu tana tsakiyar labari abin ya waiwayo ya dube ta, ta suri takalmanta ba ko sallama. Inna ta koma zama da mayafi tun safe, kamar baƙuwa a ɗakinta. Yaya kuwa sai murna. Ya ɗauko hotonta tana gyangyaɗi baki buɗe ya jefa a zauren iyali na waya, 'yan uwa suna ta aiko da addu'a da zanen furanni. Har ya gaya mini da bakinsa cewa ya nuna wa abokan aikinsa. Uwarka, tana barci, a hannun ƙattin da ba ta sani ba!

Abin da ya fi damuna shi ne kwanon abinci. Ni nake kai mata kafin in tafi aiki, tuwon shinkafa da miyar kifin da ta fi so. Wata rana in tarar ta taɓa, wata rana in tarar da shi yadda na ajiye. Ga maganin da likita ya ce kada ta kuskura ta sha da yunwa. Wuyanta ya fara fitowa, zanin yana zame mata. Na ɗauka ciwon ne yake ci gaba, har na fara shirin mayar da ita asibiti.

Wata azahar na dawo da wuri, ban same ta a ɗaki ba. Na zagaya bayan madafa, wajen turken awaki, inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya. Ga Inna a tsugune a kan kumburarrun ƙafafunta, cikin ranar nan mai ƙona ƙeya, kwano a ƙasa. Ƙudaje sun yi mata rumfa, hannu ɗaya tana ci, ɗaya tana ture bakin akuya.

Na ce, "Inna! Me kike yi a nan?"

Ta ce, "Sassauta murya, yana ji. Ta yaya zan ci abinci yaron nan yana kallona?"

Ashe ran da ƙafa ta yarda, nan take rarrafowa ta ci. Ran da ta ƙi, sai ta haƙura da yunwa.

"To me ya sa ba ki rufe abin da faifai ba?"

"Abin da ya aiko da shi takanas? Sai ya ce na ƙi shi."

Da ƙyar na ɗago ta. Na kai ta ɗaki, na zubar da wancan tuwon, na kawo wani. Sannan na fizge wayar wutar kyamarar daga bango da ƙarfin da har akwatin ya faɗo kan kwanuka. Can an jima sai Yaya ya kira.

"Ke Auta, hoto ya ɗauke. Duba wayfai ɗin nan, sabis ɗinku na Hadejia sai a hankali."

Na ce, "Wayfai lafiyarsa ƙalau, Yaya. Tambaya nake da ita. Tunda ka fara kallon Inna a wayarka, ka taɓa ganin ta ci abinci?"

Na bar shi a kan layi, ina jin ƙarar motocin Legas ta bayansa.

Na waiwaya. Inna ta ajiye mayafi, ta tuɓe ɗankwali, ta miƙe ƙafa. Ta cinye tuwon tas, tana tsotsar kan kifin, ta miƙo mini kwanon ta ce in akwai saura in ƙaro.